Haurin Bindigar Baba

Wata Talata da hantsi, cikin kakar shekarar 1956, na tsinci kaina kwance a kan kunyar gyaɗa ina kallon sama, bakina cike da ƙasa da jini, kunnuwana suna ƙugi. Bindigar mahaifina tana can gefe tana hayaƙi. Shekarata goma sha uku, kuma ni na jawo wa kaina. Baba yana gida, kurkunu ya fito masa a ƙafafu biyu, mako uku bai taka ƙasa ba. Gonarmu ita ce ta ƙarshe a bakin daji, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Doguwa, kuma birai sun gane mai gonar ba ya nan. Kullum sai su gangaro daga duwatsu, su karya dawar da ta fara nuna, su tone gyaɗa. Ina buga tsohon kwano ina jifa da majajjawa, babbansu kuwa, wani ƙaton gwaggon biri, sai ya hau suri ya zauna yana ci yana kallona. Shi ya sa na faki ido na sauko da bindigar tokar daga inda take rataye, na ɗura mata albarushi son raina. Da na zo harbi tsoro ya sa na janye gindinta daga kafaɗata, na ja kunama. Ban san inda harsashin ya nufa ba, amma na san inda gindin ya sauka.

Na yi zaton duka zan sha. Inna ta gasa mini kafaɗa da ruwan zafi ta shafa man kaɗanya tana faɗa, Baba kuwa ya bari ta gama, sannan ya ce, "Yatsa nawa ka ɗura?" Maharban wajenmu da yatsu suke auna ɗuri: a zura ƙarfen ɗuri a bakin bindiga, a ga tsawon da ya rage a waje. Na ce shida. Ya dube ni ya ce, "Shekara talatin ina harbi, ban taɓa wuce huɗu ba. Da bututun ya fashe, da yanzu wata maganar ake yi." Ƙaninsa ya tafi haƙar kuza, babu wani namiji a gidan sai ni, dawar nan kuma ita ce abincinmu har wata kakar. Don haka maimakon ya hana ni bindigar, sai ya ce gobe in na taso daga makarantar allo in ɗaura wa jaki akumari.

Haka muka riƙa yi. In taimaka masa ya hau jaki, ƙafafunsa ɗaure da tsumma, mu je bayan gari gindin wata ɗorawa, ya zauna a tabarma. Sa'annina suna can suna langa da kokawa a yashin rafi, in sun hango ni su yi ta kirana mai kafaɗa ɗaya. Baba ya koya mini in danna gindin bindigar cikin tsokar kafaɗa har babu inda iska za ta ratsa, in sa ƙafar hagu gaba, in karkata kamar mai turin amalanke, in kwantar da kunci a kan itacen. Ya rage ɗurin zuwa yatsa biyu. Inna ta ɗinka mini ɗan matashi da auduga da tsohon zane, nake cusawa a ƙarƙashin taguwa. Duk da haka tsohuwar ƙwaryar da muke kafawa a kan kututture ko ƙwarzane ba ta yi ba. Harbina kullum a ƙasa yake sauka, ya tayar da ƙura a gabanta.

A rana ta huɗu ya ce in juya baya, shi zai ɗura. Na karɓa, na auna, na ja kunama. Sai ƙas kawai na ji, babu komai a cikinta. Amma na riga na runtse ido, na ɗage kafaɗa, na yi taga-taga, bakin bindigar yana kallon ƙasa. Baba ya ce, "To, wa ya doke ka yanzu?" Kunya ta rufe ni. Ya ci gaba da cewa, "Bindiga hauri ɗaya take yi, shi ma bayan harsashi ya tafi. Wanda ke ɓata maka harbi kai kake yi wa kanka." Daga ranar wani lokaci ya ɗura, wani lokaci ya bar ta haka, ban san wanne zan samu ba. A hankali na daina jiran dukan. Ranar da ƙwaryar ta tarwatse idona biyu, na ga gutsattsarinta suna tashi sama.

Bayan kwana biyu na shiga cikin dawa da gari ya waye, na durƙusa a bayan wani dutse. Raɓa ta jiƙa mini wando. Birai suka gangaro, babban ya hau surinsa. Na auna ƙirjinsa na ja. Wallahi ban ji hauri ba, ko ƙarar ma kamar daga wata gona ta zo. Abin da na gani dai, ya dafe ƙirji, ya ɗaga hannun ya duba, kamar yadda mutum zai yi, sannan ya sulale. Sauran suka watse da kururuwa, ba su sake saukowa ba har muka yi girbi.

Na koma gida ba tare da murnar da na yi tsammani ba. Baba ya ce, "Ta haure ka?" Na ce ban ji ba. Ya ce haka take, in hankalin mutum yana kan abin da ya je yi, sai da yamma kafaɗa take ba shi labari. Sai na gaya masa yadda birin ya dubi hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan kam babu audugar da ke tare shi. Shi ya sa ba a harbi don wasa."

Na girma ina ɗauka cewa shi Baba ba ya jin komai. Sai da ya tsufa, nake taya shi wanka, na ga kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, fatar wurin ta yi baƙi ta yi kanta. Ba ya iya ɗaga hannun ya sa riga, kunnen wannan ɓangaren kuma ya daina ji. Ashe kowane harbi yana shigarsa, bai dai taɓa faɗa ba.

Yanzu gonakin masara sun cinye dajin har gindin duwatsu, babura suna bi ta inda muke bi da jaki, jikokina kuwa ba su taɓa ganin biri a gona ba. Na ji daɗi da ba su san wannan wahalar ba. Sai dai nakan so a ce sun san mutanen da suka ciyar da mu da jikinsu. Ba su bar labari ba, mu suka bari.