Sukarin da Ya Kusa Sa Na Ɓata Sunan Aminina

A zamanin Turawa, lokacin da motocin gyaɗa suka fara shigowa ƙasarmu, ni saurayi ne mai ɗan tebur a kasuwar Batsari. Ina sayar da ashana da sabulu da sukari mai ƙwaya da nake sarowa daga kanti a Katsina. Ga ni da kwaɗayi, ga saurin fushi. Yadda wasu ke tauna goro haka nake tsotsar sukari. Koko, fura, har ruwan sha sai na jefa masa ƙwaya, wai ni nan wayayye. Kusa da teburina akwai wani mahauci, aminina tun muna yara, wanda kullum bayan la'asar sai ya miƙo mini tsire kyauta.

Sai ciki ya sa ni gaba. Ya kumbura tim, ya yi ta ƙugi, in yi kwanaki ban zagaya ba. Na sha saiwa, na sha sassaƙe, duk a banza. Wani mai magani ya dube ni ya ce wannan sammu ne, a abinci ake ba ni, kuma na jikina ne ke yi. Nan take zuciyata ta tafi kan mai tsire. Ko gaisuwarsa sai in amsa da ƙyar.

Da abin ya tsananta, yayata ta sa aka ɗauko ni a kan jaki zuwa gidanta a Safana. Gidan kuwa ba a san sukari ba. In na dame ta da cewa bakina na son zaƙi, sai ta yanko mini gwanda daga bayan ɗaki, ko ta dire mini ƙwaryar ɗinya, ta ce in ci in rufa mata baki. Ba a jima ba ciki ya sace, ina zagayawa lafiya lau, ina cin tuwo har da neman ƙari. Amma dubi wauta irin tawa! Sai na ce ai ga shaida, na rabu da tsiren mutumin nan na warke. Na rantse ina komawa gida zan kai shi gaban mai gari. Na kuma san sarai mahaucin da aka jefa wa kalmar sammu ya gama sana'a, sai dai ya kwashi iyalinsa ya bar gari.

Ana shirin tafiyata kasuwa ta ci, na ga sukari wurin wani ɗan koli, kwaɗayi ya motsa. Na sayi kwali a rufe, ni na buɗe shi da hannuna, na koma wa halina, gwanda kuwa ko kallo. Wallahi kafin kasuwa ta zagayo ciki ya dawo yadda yake, ga shi aminina na can Batsari. Da na faɗa wa yayata abin da na ƙudurta, sai ta yi salati, ta ce mai ba ni sammun yana cikin aljihuna, in ji tsoron Allah. Ta ƙwace kwalin, na koma wa gwanda da ɗinya, na sake miƙewa. Sai a nan na gane sukari ne sammun.

Ranar da na dawo gida aminin nawa ne ya fara zuwa yi mini barka, har da ƙwalla a idonsa. Ban san inda zan sa kaina ba don kunya.

Tun daga nan, in zaƙi nake so sai in nemi abin da itace ya bayar, mangwaro ko gwaiba ko kanya, cikina kuma bai sake tayar mini da hankali ba. 'Yan'uwa masu karatu, ku rage sukarin nan, kuma in ciwo ya kama ku ku fara binciken abin da kuke ci kafin ku ɗora wa bawan Allah zargi. Ni dai Allah ya rufa mini asiri, maganar ba ta fita ba. Mun tsufa tare da aminina, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai san abin da na kusa yi masa ba. Alhamdu lillahi.