Ranar da muka zama baƙi a filinmu

Har in koma ga Allah ba zan manta da wasanmu na kusa da ƙarshe da 'yan Shinkafi ba. Ni dillalin hatsi ne a Ƙaura. Matasa suka naɗa ni shugaban ƙungiyar ƙwallonsu saboda ina da mota kuma ba na ƙin gaskiya.

A da, takardar wasa a babur ake kawo min ita har rumfa, a karanta, mu ci goro. Shekarar nan masu shirya gasa suka ce komai ya koma zauren WhatsApp. Na ce to, alhali ni waya ta jin farashin wake ce.

Ran Asabar na loda 'yan wasa muka nufi Shinkafi, kamar yadda aka fara tsarawa. Wajen Badarawa sai ga motar abokan karawarmu ta nufo mu. Muka tsaya cirko-cirko.

Shugabansu ya leƙo yana dariya. "Alhaji, gudunmu kuke tun ba a busa ba?"

"Garinku za mu, mu ba ku kashi."

"Ai an maida wasa filinku tun Laraba. Namu ruwa ya kwanta."

Na rasa gabas, na rasa yamma. Muka juya, ga tsohuwar motata ba ta sauri. Ko da muka iso, baƙi sun jima a fili, lokacin jira ya wuce, alƙalin wasa ya riga ya tura sakamako ta waya: ba mu zo ba, mun fita daga gasa.

Na ce, "Malam, wallahi ba wanda ya gaya min."

Ya nuna min wayarsa. "Ga sunanka cikin waɗanda suka buɗe saƙon, Alhaji. Laraba da hantsi."

Ashe yatsana ne ya bi ta kai ina neman saƙon muryar wani mai gero. Har yau ina mamakin yadda waya ta ba da shaidar na karanta abin da idona bai gani ba.

Golanmu, wanda wannan ce kakar wasansa ta ƙarshe, ya cire safar hannunsa ya ajiye min a kan mota.

A kasuwa ban taɓa karɓar buhu ban soka na ga ƙwaya ba. Tun daga ranar, haka nake yi wa kowane saƙo.