Ummu Ramzi da Wayarta Mai Murfi

Ni'imat ta fi shekara ashirin tana sayar da turshi a ƙofar benen da muke haya a Damanhur, ƙasar Masar. Robobi biyar gare ta manya, na karas, lemun tsami, albasa, barkono da kokwamba, kowanne jiƙe cikin ruwan gishiri. Daga ƙauye aure ya kawo ta. Mijinta mai keken doki ne, ya rasu ya bar mata yara biyu, Ramzi da Sana'a. Ba mai kiranta da sunanta, Ummu Ramzi kowa ke cewa. Ni kuma Ummu Shadi, sai dai ita Abla take ce mini, wato malama, don ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata.

Ramzi da ɗana Shadi mota ɗaya suka shiga wata Talata zuwa Iskandariyya, Shadi zai koma jami'a, Ramzi zai sayo kayan gyaran firiji. Taya ta fashe. Mutum tara suka rasu, har da su biyun.

Kafin mu isa asibiti hoton motar ya riga ya zaga wayoyin unguwa. Daga nan kuma abin bai tsaya ba. Wannan ya turo hoton yaran da baƙin zare a gefe, wancan ya haɗa bidiyo da karatu. Wayar ma da kanta takan ɗauko hoton bara ta ajiye mini a gaba da safe.

Washegarin sadakar arba'in na sauko zan tafi makaranta, na ga babu babbar wayar da Ramzi ya saya wa mahaifiyarsa. Wata ƙarama ce ja, mai murfi, rataye a wuyanta da igiya.

"Ina wayarki, Ummu Ramzi?"

"Na sallame ta, Abla. Ta fi matar mai gidan haya surutu. Wannan kuwa in na gama magana na rufe mata baki, shi ke nan." Ta buɗe ta, ta rufe, ƙwas.

Na ce mata ta kyauta. A raina ban ga kyawun ba. Tawa wayar tana ɗauke da saƙonnin murya ɗari biyu da goma sha huɗu na Shadi. Nakan ji su a motar haya, da ɗakin malamai, da bakin murhu. Na san tsawon kowanne.

Cikin wata uku Ummu Ramzi ta mayar da jikinta. Ta koma faɗa da masu neman ƙarin ruwan turshi kyauta. Wata rana ina saman bene na jiyo dariyarta, irin ta da, mai ƙarewa da tari. Na tashi na rufe taga. Ni da na yi karatu, na san sunan abin da ke damuna, likita ma ya rubuta mini shi a takarda, amma mai turshi ce ke cin abinci ta ƙoshi.

Duk Juma'a da safe tare muke zuwa maƙabarta, da ganyen dabino da gurasar sadaka a kwando. A hanya take ba ni labarin mafarkinta.

"Ya zo mini, Abla. Ya ɗanɗana lemun ya ce gishiri ya yi yawa. Ki ji ɗan banza, yana can ma bai daina raina sana'ata ba."

"Allah ya jiƙansa."

"Naki bai zo ba har yanzu?"

"Bai zo ba."

"Ta ina zai shigo? Kin tare ƙofa da allon wayar nan."

Ranar na raba gurasata ni kaɗai, ban jira ta ba. Abin da nake ji sunansa hassada, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Ban so ta rasa abin da ta samu don in samu ba. So nake kawai ta daina samu.

Wata takwas bayan rasuwar, da la'asar, ta hau bene ta ƙwanƙwasa. Ba ta taɓa hawowa ba sai ranar gaisuwa. Ta zauna a bakin kujera, tana juya wayar a tafin hannunta.

"Abla, ke da kika yi boko. Muryar mutum a layi take zama ko a waya?"

Na ce a waya.

Ta gyaɗa kai. Ashe ranar da ta je shagon waya cewa ta yi da mai shagon ya cire mata layi ya sa a ƙaramar, ya riƙe babbar. A zatonta duk abin da Ramzi ya taɓa faɗa mata yana cikin layin, kamar yadda lambobi ke bin sa. Da ta dawo gida ta yi ta danne-danne ba ta ji komai ba. Ta koma washegari, ya ce ya goge wayar ya sayar. Ba ta gaya wa kowa ba, har Sana'a.

"A mafarkin fa?" na tambaye ta.

"Ina ganin bakinsa yana motsi, na kuma san abin da yake cewa. Amma muryar ba ta fita. Na fara manta ta, Abla." Ta ɗago. "Tun da abokai ne, na ce ko a cikin na Shadi akwai inda ya yi magana."

Akwai. Saƙo na ɗari da sittin da uku, sakan goma sha ɗaya. Shadi yana ce mini zai makara, Ramzi a bayansa yana ihu: "Abla, ƙarya yake, shayi muke sha!" Sai dariya.

Na ce mata, "Zan duba."

Kwana tara na yi ina dubawa. Kullum nakan wuce ta da safe, ta dube ni, in ce ban gama ba. Ba ta taɓa matsa mini ba, sai ma ta riƙa cusa mini ƙullin karas a jaka. A kwanakin nan tara na ji daɗin da nake kunyar rubutawa: ga abu a hannuna wanda ba ta da shi.

Ranar ta goma Juma'a ce. Mun gama raba gurasa, muka zauna a kan dakalin da ke tsakanin kaburburan biyu. Na ciro wayar, na nemo saƙon, na miƙa mata. Ta goge hannunta a riga kafin ta karɓa. Ta kara a kunne kamar mai amsa kira.

Na ga lokacin da ta ji shi, don kafaɗunta sun sauka. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Shayi! Ɗan nema, kullum shayi."

"In sake sa miki?"

"A'a."

"Zan iya tura wa Sana'a, ki riƙa ji a wayarta duk lokacin da kike so."

"Tura mata, haƙƙinta ne. Ni dai na ji. Ya dawo mini." Ta miƙo wayar da hannu biyu. "Allah ya saka, Abla. Tashi mu tafi, masu fitowa daga masallaci ba sa jiran mai turshi."

Ta ɗauki kwandon ta yi gaba. Na bi ta a baya ina kallon yadda take taka ƙasa. Sau ɗaya ta ji, ya ishe ta. Kafin mu kai bakin titi na sake jin saƙon sau uku.