Ranar da Mai Gari Ya Kira Ni Baƙuwa

Shekarata tara ina karɓar haihuwa a asibitin mishan, can gefen Madawa, kafin wani ya tuna cewa ni ba 'yar ƙasa ba ce. Daga Zuru na zo, ta Najeriya. A tsakiyar shekarun casa'in hukuma ta matsa, duk baƙon da ke aiki sai ya nuna takardar zama da ta izinin aiki. Shugaban asibiti ya kira ni, yana ta kame-kame, ya ce in wata ya ƙare ban kawo ba, dole su sallame ni in koma gida. Wane gida kuma? Iyayena sun rasu, mijina a nan aka binne shi, yarana biyu suna lakwal, wato makarantar gari.

Na yi hotuna, na manna tambur, wato kan sarki, na yi sawu uku zuwa Madawa. Ni kuwa ba ni da haƙurin layi, kowa ya san bakina, amma na danne. Abu ɗaya ya rage: mai garinmu ya zo da kansa ya shaida cewa ni baƙuwa ce da ke zaune a hannunsa, ba ni da abin zargi.

Tsoho ne manomi, Musulmi, ni kuma Kirista, amma shi ya ba ni filin da na yi gini, jikokinsa kuma a hannuna suka faɗo. Ya sa babbar rigarsa, muka hau motar kasuwa, muka matsu tsakanin buhunan albasa.

A ofis ma'aikacin ya ɗauki alƙalami ya ce, "Baba, kun san wannan baƙuwar?"

Tsoho ya waiwaya. "Wace baƙuwa? Wagga ɗiyata ta. Ɗiyar gari ta."

Ma'aikacin ya ajiye alƙalami. Ya ce in 'yar gari ce, a kawo takardar haihuwarta. In ba haka ba, shi abin da shaida ya faɗa yake rubutawa. Ya sake tambaya, tsoho ya sake ba shi amsa ɗaya, har da ɗaga murya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja shi waje, gindin itacen bedi.

"Baba, so kake a kore ni? Kalma ɗaya ce fa."

Ya ce, "Ɗiyata, wurinmu wanda ya ci hatsin gari shekara da shekaru, ya binne nashi cikin ƙasarmu, ba a ce mai baƙo gaban mutane. In ka ce mai baƙo, ka nuna mai hanya ke nan."

Ni da na zo da faɗa, sai ga ni ina share hawaye da bakin zane. Na ce masa a hankali, in bai faɗa ba, hanyar ce za su nuna mini, ni da yaran. Ya gyara rawani ya shige gaba, muka koma ofis.

"Rubuta," ya ce da ma'aikacin. "Baƙuwa ta." Bai ɗago kai ba har ya dangwala yatsa a takarda.

Takarduna sun fito kafin wata ya ƙare. Na ci gaba da aikina a garin har na tsufa, kuma har gobe ina gode wa Allah, ina gode wa wannan tsoho.

Amma ranar, a mota, ko uffan bai ce ba. Na ɗauka fushi yake da ni saboda na ɗaga masa murya. Sai da muka sauka a bakin hanya, na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya riga ni.

"Tashi, ɗiyata. Tun da anka naɗa man rawanin ga ban taɓa shaidar zur ba, sai yau. Ki yahe man."