Ni Ce Na Wanke Jirgin Feshi Da Soda

Edita, ina yi maka sallama tare da duk mai karanta wannan shafi. A lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce mai 'ya'ya huɗu. Mijina ya rasu ya bar mana 'yar gonar shinkafa a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure. Ko baƙi ɗaya ban sani ba a boko, amma na san sana'ata. Sabulun soda nake haɗawa ina sayarwa, kuma duk wanda injin ban-ruwansa ya daskare da baƙin mai, ni yake nema in wanke masa. Bakina ba ya shiru, hannuna ba ya tsoron maiƙo. Na taso da yarda cewa idan sabulu bai yi wa hannu raɗaɗi ba, to wasa yake da datti.

Shekarar nan jan-baki suka sauka mana, tsuntsayen nan masu zuwa kamar hadari, daidai lokacin da shinkafa ta fitar da kai. Mun kaɗa gwangwani, mun yi ihu har muryoyinmu suka dushe, a banza. Sai ƙungiyar manomanmu ta daidaita da mai wani tsohon ƙaramin jirgin feshi da ya yi damina biyu a ajiye a wani fili bayan gonaki. Aka kawo wani dattijon injiniya ya duba shi, da matuƙi, wani magidanci mai fara'a da yake ce mini Hajiya alhali ko filin jirgin Kano ban taɓa takawa ba. Cikin jirgin ta ƙasa ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai da ragowar maganin feshi. Aka ce a kira mai sabulu. Injiniya ya miƙo mini wani galan mai rubutu a jiki, ya ce in riƙa zuba murfi biyu a bokitin ruwa, ya hau mota ya tafi Kano neman wani ƙarfen inji. Abin da ya faɗa mini ke nan, bai ƙara ba.

Tun hantsi nake gurza har azahar. Sabulun nan ba kumfa, ba raɗaɗi, sai ƙamshi kamar na lemo, man kuwa sai dai ya matsa daga nan zuwa can. Ana haka Alhaji shugaban ƙungiya ya zo da mutanensa, ya leƙa ƙarƙashin jirgin ya yi dariya, ya ce ashe mai sabulun da ake ta kurari da ita iyakarta injin ban-ruwa, ko dai a nemo maza su ƙarasa? Wallahi maganar nan ita ta kai ni. Na tafi gida na jiƙa sodata mai kauri a bokitin roba, na dawo na shafa wa cikin jirgin tun daga bayan inji har inda fikafikai suka haɗu da jiki. Nan take wurin ya hau tsuwa yana 'yan kumfa, man ya narke yana zuba, tsohon fenti ya biyo shi. Na ce yauwa, yanzu aka fara aiki. Ƙarfen ya koma toka-toka, na watsa masa ruwa bokiti biyu na bar shi. Alhaji ya dawo ya ga babu maiƙo, ya yi ta sa mini albarka, ya aika Kura aka zo da mai fentin adaidaita sahu ya shafe wurin tas kafin injiniya ya dawo.

Kwana uku bayan nan ina goge fikafikan da tsumma, na tambayi injiniya yadda ƙarfe mai girma haka yake tashi sama. Ya yi murmushi ya ce ai ba irin ƙarfen injin ban-ruwa ba ne, alminiyam ne, ɗan'uwan tukunyar dalma da nake dafa tuwo a ciki. Edita, nan take na gane ɓarnar da na yi. Duk macen da ta taɓa haɗa sabulu ta san ba a jiƙa soda a tukunyar dalma, cinye ta take yi har ta huda. Wannan na sani tun ina yarinya a gaban kakata. Abin da ban sani ba shi ne an yi jirgi da kayan tukunya. Da ya juya baya na durƙusa na leƙa ƙasa. Sabon fentin ya fara kumbura a kewayen 'yan ƙusoshin da suka riƙe jikin jirgin, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa. Sodar ta shige tsakanin ƙarafan, tana can tana ci.

An sa ranar Alhamis jirgi zai tashi. Na je wurin wan mijina na faɗa masa, shi ya ce in rufe bakina. Ya ce jirgin da ya sha ruwan damina biyu bai rushe ba, ba sodar bokiti ɗaya ce za ta kayar da shi ba. In tuna abincin marayun da ke ɗakina yana cikin gonar nan, haka na gari gaba ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, kwana biyu na bi maganarsa, kuma wannan shirun ya fi sodar yi mini nauyi har yau. Ranar Laraba matuƙin ya tsaya yana zolayata, wai idan ya gama da tsuntsaye sai Hajiya ta ba shi sabulu sanda biyu ya kai wa uwargidansa tsaraba. Na dube shi, na ga mutumin da zai hau abin da na san yana ruɓewa daga ciki, kuma daga ni sai wan mijina muka sani.

Da safiyar Alhamis, manoma sun cika filin, ana zuba magani a tankin jirgi, na ratsa cikin maza na tsaya gaban injiniya na ce masa ba da sabulunsa na wanke cikin jirgin ba, da soda na wanke. Dattijon nan ya yi salati, ya kwanta a ƙasa da rigarsa ya kankare fentin da wuƙa. Da ya taso fuskarsa ta canza. Ya ce jirgin nan ba zai tashi ba sai an cire ƙusoshin an duba abin da ke tsakani, kuma aikin makonni ne. Alhaji ya hau roƙo, wai tashi ɗaya kawai, Allah zai tsare. Matuƙin ya ce ya yarda, in dai Alhaji zai zauna a cinyarsa su tashi tare. Alhaji ya ja da baya. Sai injiniya ya juyo kaina yana faɗa, wai ai an rubuta a jikin galan cewa alminiyam ba ya son abu mai ci. Na ce masa, Baba, wa aka rubuta wa? Ya ga na yi kama da wadda ta taɓa riƙe biro? Shi da ya sani, me ya hana shi buɗe baki ya faɗa mini kafin ya hau mota?

Jan-baki suka cinye abin da za su ci. Gonata ma ba su bar mini abin kirki ba. Aka sa mini suna mai kashe jirgi, mata suka daina aiko sayen sabulu, wan mijina ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Laifin sodar nawa ne, na ɗauka, girman kai ne ya sa na raina abin da aka ba ni don an yi mini dariya. Amma masu cewa da na yi shiru da sun ci shinkafarsu, har gobe ba zan sunkuyar musu da kai ba. Sun so in sayi buhunansu da ran mijin wata, ni kuwa na san yadda ɗaki yake idan aka fita da mai shi. Bayan girbin nan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ina da furfura ina koyon haɗa baƙi, kuma wasiƙar nan da hannuna na rubuta ta.

Ga abin da na koya, ga duk mai wanke kayan da ba nasa ba. Kafin ka zuba komai, tambayi da me aka yi abin. Soda ba ta alminiyam ba ce. Fetur ma da muke wanke inji da shi, injiniyan ya ce yana dusar da tagar jirgi, ga haɗarin wuta. Sabulun da aka yi don jirgi a hankali yake aiki, sai an shafa an jira an sake, rashin raɗaɗinsa ba rauni ba ne. Ku masu ilimi kuma, idan kun miƙa wa mutum galan, ku faɗa masa da baki abin da ke rubuce. Wanda kuma ya riga ya yi ɓarna irin tawa, ya faɗa tun abin yana ƙasa. Za a zage shi, ni ma an zage ni, amma zagi na sha, ban je ta'aziyya ba.