Taliya a Kan Wayar Yaya Bukar

Ranar wata Alhamis ce da tsakiyar bazara, shekarar da aka fara ɗora ni a kan injin murza taliya, yayanmu Bukar ya fito tsakar gida rungume da laftof, gumi na ɗiga ta haɓarsa. Ya ce wa kakarmu, Hajiya Falmata, kada ta damu, kafin la'asar za ta ga jaririn. Autarta ce, Goggo Yagana, ta haihu a Jidda, ran nan ake suna, kuma Hajiya ta yi shekaru ba ta sa ta a ido ba. Tun da hantsi ta yi wanka, ta turara jikinta, ta yafa mayafinta na fita unguwa ta zauna a tabarma, wai kada jikan ya fara ganinta a hargitse.

Abin da Yaya bai faɗa mata ba shi ne, jiya-jiya ya share manhajar da laftof ɗin ya zo da ita, wadda bairos ya gama cinyewa, ya ɗora wata ta kyauta da abokinsa na jami'a ya ba shi a faifai. Ya yi ta cika mana baki cewa wannan kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Komai kuwa ya tashi lafiya, har da hoton wani tsuntsu mai farin tumbi da muka sa wa suna agwagwar Yaya. Sai intanet kaɗai. 'Yar fitilar da ke nuna ya kama ta mutu murus, modem ɗin da yake sokawa a gefe don kamo intanet kuma sabuwar manhajar ta ɗauke shi a matsayin faifai. Yaya ya hau soro ya ɗaga laftof yana fuskantar dutsen Dala, ya sauko ya yi ta rubutu a wani baƙin allo da ya buɗe a laftof ɗin. Daga baya ya gano cewa abin da zai tashi fitilar sai an sauko da shi daga intanet, intanet ɗin kuma ba zai zo ba sai fitilar ta tashi. Hajiya ta ce, "Kai da ka ce kowa na iya gyarawa, kai ba kowa ba ne?"

Ashe kafar soka wayar intanet a jikin laftof ɗin tana aiki. Sai Yaya ya ruga shagon Malam Sani da ke bayan gidanmu, inda ɗalibai ke shiga intanet, ya aro wata doguwar waya shuɗiya. Aka wurgo ta ta kan katanga, ta ratsa tsakar gida daga reshen dalbejiya zuwa ƙusar bakin rumfa, ta sauka a laftof. Nan take intanet ya kama. Yaya ya yi hamdala, ya tafi sallar azahar.

To, mu gidanmu taliya ce sana'a, kuma kullum igiyar shanya ba ta isar mu. Ina murzawa, ƙannena na kaiwa, mahaifiyarmu Iya na shanyawa. Da ta ɗaga kai ta ga sabuwar igiya mai santsi, ba ƙulli ba tsatsa, sai ta ce, "Allah ya yi wa Bukar albarka, yau ya tuna da ni." Kafin a idar da salla mun lulluɓe ta kaf.

Yaya ya dawo ya tarar intanet ya ɗauke. Bai ko kalli sama ba, ya duƙufa a baƙin allon nan yana zargin agwagwa, har ya ɗauko faifan zai sake komai daga farko. Ashe ɗan harshen robar da ke riƙe bakin wayar a karye yake, nauyin taliya ke zare ta a hankali. Sai da wani silin taliya ya faɗo masa a wuya ya ɗaga kai. Ya roƙi Iya a kwashe, ta ce ɗanya ce, in aka taɓa cuɗewa za ta yi, ga masu saye suna jira.

Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce a nuna mata wurin, ta sa babban yatsanta mai jan lalle ta danne bakin wayar. Haka aka kira Jidda. Hoton yana tsayawa yana tafiya, jaririn wani dunƙule ne kawai cikin farin zane, amma ta rantse hancin gidanmu ne. Hawaye na zuba, ta ƙi ɗaga hannu ta share, sai ni na goge mata da bakin mayafi.

Yanzu da na yi makarantar yaƙi da jahilci nake rubuta wannan da kaina. 'Ya'yana kan kira Jidda a waya suna kwance, wani lokacin ma su katse don wasa ya fi musu daɗi. Jaririn nan ya zama saurayi, hancinsa kuwa na ubansa ne sak. Hajiya ba ta kai ga ganin haka ba, mu ma da muka gani har yau hancin gidanmu muke ce masa.