Wuyan Rumbun da Ban Koya Masa Ba

Mun tashi da asuba daga Sabuwa, ni da wani maƙwabcina, muka nufi Ƙanƙara. Ɗana na fari ne ya kawo zane-zanensa da gine-ginensa na yumɓu zai nuna wa jama'a a zauren wata makaranta. Rabona da shi tun ranar da na tarar ya ɗebi ƙasar da na kwaɓa don ginin rumbu, wanda shi ne sana'ata, ya ƙera shanu da mutane da ita. Na tattake su, na ce gumaka ne, na ce ya bar mini gida. Ya bari kuwa. Daga baya a bakin mutane nake jin an nuna aikinsa a Kaduna, an nuna a Legas, har ƙasar waje. Ko gaisuwa ban taɓa aika masa ba.

Kuɗin mota ya ninka yadda na san shi. Direba ya cusa mu kamar kayan miya, maƙwabcina ya ce ko buhun masara ya fi mu daraja a motar nan. Da muka shiga ƙasar Faskari dariya ta ƙare. Wajen Daudawa ga gonaki nan, wasu ciyawa ta cinye su, masu su sun gudu saboda 'yan bindiga. A wata tasha muka sha koko, ƙosan ya ƙanƙance kamar gujiya. Daga nan har 'Yargoje kowa idonsa na bakin daji.

Da hantsi muka isa. A bango akwai zanen mata da kaya a ka suna barin ƙauye. A tsakiyar zauren kuwa ƙananan rumbuna ne, ya shafe su da farar ƙasar Ƙanƙara, ya babbake gefensu. Wasu 'yan kallo na tsaye suna share hawaye. Ni idon magini gare ni. Gindin irin nawa ne, cikin irin nawa, amma kowanne wuyansa a buɗe yake.

Ɗan nawa ya hango ni, ya zo ya durƙusa. Har furfura ta fara fito masa.

"Baba, kun sha hanya."

Gafararsa na zo nema. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, kunya ta ɗaure mini harshe. Abin da ya fito bakina shi ne, "Kai, mi ya hana ka haɗe wuyan?"

"Nan kuka tsaya da koya mini, Baba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya shiga ciki ya kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kwano. "Ga ta, in za ku nuna mini."

Na kai hannu. Hannun nan ya daɗe yana rawa. Sau biyu ina ɗora ƙasar tana zubewa. Ana cikin haka aka ce baƙi sun iso daga Katsina, ya ce in jira shi. Maƙwabcina ya raɗa mini cewa bayan la'asar ba motar da ke bin hanyar nan. Na goge hannu a riga muka fito.

Mun iso gida dab da magariba lafiya. A hanya na fahimci abu ɗaya: aikin hannu yana da lokacinsa, nawa ya wuce. Harshena kuwa lafiyarsa ƙalau, kalma biyu kacal ake nema a wurinsa, "yafe mini", na kai su har Ƙanƙara na dawo da su Sabuwa.